Filin Tambaya da Amsa: Jagorancin Makarantar Ƙasa da Ƙasa

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun shafi makarantun ƙasa da ƙasa, wato waɗanda suke tara yaran ƙasashe daban-daban a aji ɗaya, kuma galibi suke koyar da manhajar da ba ta ƙasar da suke cikinta ba. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina mataimakiyar shugaba a wata sakandare mai bin manhajar gwamnati. Yanzu an yi mini tayin shugabancin wata makarantar ƙasa da ƙasa wadda ɗalibanta suka fito daga ƙasashe da yawa. Abokan aikina sun ce makaranta makaranta ce, wanda ya iya riƙe ɗaya zai iya riƙe ɗayar. Shin haka ne? Idan kuwa akwai bambanci, da me ya kamata in fara?
Daga wata malama

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, ina kuma taya ki murna. Abokan aikinki ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su ƙarasa zancen ba. Kasafin kuɗi, jadawalin darussa, duba aikin malamai da kula da gine-gine duk za ki tarar da su kamar yadda kika san su. Abin da ba za ki tarar ba shi ne fahimtar junan da kika saba samu ba tare da kin nema ba. A inda kike yanzu, uba da malami da ɗalibi sun taso a tsari ɗaya, saboda haka ba sai an zauna an yi bayanin yadda yaro zai kira malaminsa, ko yawan aikin gidan da ya dace da ɗan shekara takwas, ko abin da ake nufi da ladabi ba. A inda za ki, kowane ɗaya daga cikin waɗannan abin muhawara ne, kuma kowane uba zai shigo ofishinki da yaƙinin cewa yadda aka yi masa karatu a ƙasarsu haka ake karatu. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, har da malaman da za ki ɗauka aiki, har da ke kanki.

Abin da ya fi kayar da sababbin shugabanni shi ne zaton cewa makarantar ba ta da al'adar kowa, tana tsaka-tsaki ne kawai. Babu makarantar da take haka. Zama a da'ira ana ja-in-ja da malami, da kiran babba da sunansa kai tsaye, da yaba wa yaro don ya faɗi ra'ayinsa ko da bai dace da amsar ba, duk ɗabi'u ne da suka fito daga wani wuri, akasari daga Yammacin Turai da Arewacin Amurka. Ba laifi ba ne makaranta ta zaɓe su. Laifin shi ne ta ɓoye cewa zaɓa ta yi, ta bar yaron da bai san su ba yana ta karya dokokin da ba a taɓa faɗa masa ba. Aikinki na farko, a ganina, shi ne ki fito da abubuwan da ake yi ba a faɗa, ki rubuta su da harshe mai sauƙi, sannan ki raba su gida biyu: waɗanda ba za su canza ba ko wane ne ya nema, da waɗanda sabo ne kawai, ana iya sassauta su.

Kafin haka, ki san wace irin makaranta ce aka miƙa miki, domin suna ɗaya ne yake rufe abubuwa mabambanta. Makarantar da ake yawan ɗauka a matsayin uwar wannan tsari ita ce ta birnin Jeneba a Suwizalan, wadda ma'aikatan Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wato magabaciyar Majalisar Ɗinkin Duniya, da na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka kafa a 1924 da ɗalibai takwas. Buƙatarsu ta yau da kullum ce: iyaye suna aiki nesa da gida, suna son karatun da yaro zai iya komawa da shi ƙasarsu. Bayan yaƙin duniya na biyu sai malaman makarantar suka tarar suna rarraba 'yan ajin ƙarshe rukuni-rukuni, waɗannan suna shirin jarrabawar Ingila, waɗancan ta Faransa, wasu ta Suwizalan, wasu kuma ta shiga jami'o'in Amurka, ta yadda yaran da aka tara don su cakuɗu suka koma zama ƙasa-ƙasa. Daga neman mafita ga wannan ne aka kafa hukumar International Baccalaureate, mai shirya manhaja da jarrabawa ɗaya ga yaran ƙasashe daban-daban, wadda aka fi sani da IB, a Jeneba a 1968, da Alec Peterson na jami'ar Okusfod a matsayin babban darektanta na farko. Akwai kuma makarantun da aƙida ta haifa, irin su Waterford Kamhlaba da Michael Stern ya buɗe a 1963 a Suwazilan, wadda ake kira Eswatini yanzu, don ya zaunar da farare da baƙaƙe a aji ɗaya a lokacin da dokar wariyar launin fata ta haramta hakan a Afirka ta Kudu. 'Ya'yan Nelson Mandela da na Desmond Tutu sun yi karatu a can. A yau kuwa mafi yawan ɗaliban makarantun da suke ɗauke da wannan suna 'yan ƙasa ne, iyayensu suna biyan kuɗi ne don Turanci da shaidar da za ta buɗe ƙofar jami'ar waje, kuma makarantun da yawa mallakar kamfanoni ne masu neman riba. Shugabar makarantar 'ya'yan jakadu da shugabar makarantar kamfani ba aiki ɗaya suke yi ba, ko da manhajarsu ɗaya ce.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata ki yi tun ba ki sa hannu a kwantiragi ba: wa zan riƙa ba bahasi? Binciken da aka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa matsakaicin zaman shugaban irin wannan makaranta a kujerarsa bai kai shekara uku ba, kuma saɓani da kwamitin gudanarwa yana cikin manyan dalilan tafiyarsu. Dalilin a bayyane yake. Inda iyaye ne suke zaɓen 'yan kwamitin daga cikinsu, su kansu baƙi ne da wurin aikinsu yake sauya musu ƙasa bayan 'yan shekaru, don haka mutanen da suka ɗauke ki aiki suna iya watsewa kafin ki cika shekara biyu, waɗanda suka gaje su kuma su zo da wata manufa. Ki nemi a ba ki rahoton zaman kwamitin na shekarun baya ki karanta. Ki tabbatar akwai rubutacciyar iyaka tsakanin aikinsu da naki: su ne masu tsara manufa da amincewa da kasafi, ke ce mai ɗaukar malami da sallamarsa da yanke hukunci kan ɗalibi. Idan ɗan kwamiti yana iya kiran malamin ɗansa a waya ya ba shi umarni, to kujerar da aka ba ki ta ado ce.

Akwai kuma wani miki da ba a cika son taɓawa ba, wato albashi. A makarantu da yawa ma'aikata kashi biyu ne. Wanda aka ɗauko daga waje yana samun gida, da tikitin jirgi na zuwa hutu, da karatun 'ya'yansa kyauta. Wadda aka ɗauka a cikin ƙasa, a aji na kusa da nasa, tana koyar da darasi iri ɗaya da shaidar karatu iri ɗaya, ita ce kuma take fassara masa abin da iyaye suke nufi, take nuna masa yadda ake hulɗa da ma'aikatar ilimi, amma abin da take ɗauka bai kama ƙafar nasa ba. Ɗalibai suna lura da wannan tun kafin su iya faɗinsa, suna ganin su wane ne shugabannin sassa, su wane ne mataimaka a aji. Makarantar da take wa'azin daidaiton al'ummomi a taron safe alhali takardar albashinta tana faɗin akasin haka, yaran takardar za su gaskata. Ba lallai ki iya goge bambancin a shekara ɗaya ba, amma kina iya mayar da ainihin albashi ma'auni ɗaya ga kowa, ki ware kuɗin ƙaura a matsayin alawus mai wa'adi, ki kuma buɗe ƙofar ƙarin girma ga malaman gida, waɗanda su ne za su rage idan baƙin sun tafi.

A cikin abubuwan da ba sa canzawa, na kan gaba shi ne tsaron yara. A 2014 hukumar FBI ta Amurka ta bayyana cewa wani malami Ba'amurke da ya shafe kusan shekara 40 yana yawo tsakanin makarantun ƙasa da ƙasa ya ci zarafin yara maza masu yawa, alhali tun yana saurayi an taɓa ɗaure shi a Kalifoniya kan irin wannan laifi. Tsallake iyakoki ne ya ɓoye shi, domin kowace makaranta ta dogara da takardar yabon wadda ta gabace ta. A shekarar ce manyan ƙungiyoyin wannan fanni suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na kare yara. Kada ki ɗauki kowa aiki sai kin sami shaidar 'yan sanda daga ƙasashen da ya zauna, kuma sai kin yi magana baki da baki da shugabansa na baya. A nan babu wanda za a ɗaga wa ƙafa da sunan al'ada ko girma.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Aiki ya kai ni wata ƙasa, na sa ɗana mai shekara bakwai a makarantar da ake koyarwa da Turanci. Malamarsa ta ba mu shawarar mu daina yi masa harshenmu a gida don ya yi saurin kamawa. Yanzu ko an yi masa magana da harshen gida da Turanci yake amsawa. Mu bi shawarar?
Daga wani mahaifi

AMSA: Yallaɓai, kada ku bi. Malamar da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma abin da masana suka gano ya saɓa wa shawararta. Jim Cummins, masanin ilimin harsuna da ya yi aikinsa a Kanada, ya bambance tun 1979 tsakanin harshen hira da harshen karatu. Yaron da ya shiga sabon harshe yakan iya hirar filin wasa cikin kamar shekara biyu, amma kafin ya kamo tsaransa a harshen da ake rubuta bayanin kimiyya ko sharhin tarihi da shi, yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Ya kuma nuna cewa abin da yaro ya fahimta da harshensa na farko ba ya ɓacewa, yana ƙetarawa zuwa na biyu. Yaron da ya san yadda ake jera labari daga farko zuwa ƙarshe, ko ya gane dalilin da ya sa inuwa take gajarta da tsakar rana, sababbin kalmomi kawai yake buƙata. Idan kuka yanke harshen gida, kun tsayar da ginin da ya riga ya yi nisa, kun bar shi da harsashin da ba a gama haƙawa ba.

Akwai asara ta biyu. Iyaye da yawa ba su kai malamai ƙwarewa a Turanci ba, don haka hirar gida sai ta koma umarni kawai: zo, ci, je ka kwanta. Zance mai zurfi, irin wanda ake gina tarbiyya da shi, sai ya mutu, kuma ranar da kakarsa ta kira a waya sai a tarar babu abin da zai haɗa su sai gaisuwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 29, ta ce ilimi ya kamata ya koya wa yaro girmama iyayensa da al'adarsa da harshensa, don haka ba alfarma kuke nema ba idan kuka tayar da maganar a makaranta.

Ku ci gaba da yi masa harshenku ko da ya amsa da Turanci, ba tare da tsawa ko tsokana ba, domin kunya ce take fara kashe harshe a bakin yaro. Ku karanta masa littafi da shi, ku koya masa rubuta shi. Idan makarantar tana bin tsarin IB, ku sani cewa a matakin difloma, wato shekarun ƙarshe na sakandare, ɗalibi yana iya ɗaukar adabin harshensa na uwa a matsayin darasin jarrabawa ko da babu malaminsa a makarantar, ta hanyar karatun kai da makarantar take sa wa ido.

Ku kuma shirya wa wani abu da zai zo nan gaba. Ruth Hill Useem, wadda ta yi nazarin iyalan Amurkawa a Indiya a shekarun 1950, ita ce ta fara kiran irin ɗanku da suna yaran al'ada ta uku, wato waɗanda ba su zama cikakkun 'yan ƙasar iyayensu ba, ba su kuma zama 'yan ƙasar da suka girma ba. Sukan yi saurin sabo da mutane, amma yawan rabuwa da abokai yakan bar musu tabo. Makarantar kirki takan shirya bankwana ga yaron da zai tafi kamar yadda take shirya tarba ga wanda ya zo.

TAMBAYA: Ni malamin tarihi ne a irin wannan makaranta. Wasu ɗalibaina ba sa magana a aji ko kaɗan, wasu suna kwafo kalaman littafi kai tsaye a rubutunsu, wasu iyayen kuma kullum suna tambayar na nawa ɗansu ya zo, alhali ba ma jera ɗalibai. Ina mafita?
Daga wani malami

AMSA: Malam, ka fara da shirun. Ka ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha uku da ka yi wa tambaya ta sunkuyar da kai. Kai kana ganin rashin shiri ko rashin kulawa, ita kuwa wataƙila an koya mata cewa kallon babba ido cikin ido rashin kunya ne, kuma yin magana kafin a tabbatar da amsa zubar da mutunci ne a gaban jama'a. Idan makin shiga muhawara yana cikin sakamako, ka faɗa musu ƙarara, ka kuma buɗe wata hanya: ka ba da minti biyu kowa ya rubuta amsarsa kafin a fara magana, ko su tattauna biyu-biyu sannan ɗaya ya faɗi abin da suka cim ma. Sai dai ka yi hattara da littattafan da suke cewa 'yan ƙasa kaza haka suke. Suna da amfani wajen tunatar da kai cewa akwai bambanci, amma yaron da ke gabanka yana iya zama mai shiru ne don halinsa, ko don bai ji Turancinka ba, ko don akwai damuwa a gida.

Kwafe kuwa ba a sassauta masa, domin hukumomin jarrabawa suna hana sakamako a kansa. Amma hukunci bai halatta ba sai bayan koyarwa. Yaron da ya fito daga tsarin da ake ba da cikakken maki ga wanda ya maido da kalaman littafi daidai bai san ya yi laifi ba. Ka nuna musu a allo yadda ake ɗauko maganar wani a ambaci mai ita, da yadda ake sake faɗinta da kalmomin kai, ka sa su gwada sau da yawa kafin aikin da za a ba maki. Su ma iyayen da suke neman matsayi ba gasa kawai suke so ba, suna son sanin ko ɗansu yana kan hanya. Ka nuna musu rubutunsa na farkon zango da na yanzu gefe da gefe, da ma'aunin da ake auna shi da shi. Idan ana buƙatar tafinta a zaman, makaranta ta kawo babba, kada a sa yaron ya fassara wa ubansa ƙorafin da ake yi a kansa.

Darasinka ma yana da nasa ƙaya. Idan ka tambayi ajinka yaushe yaƙin duniya na biyu ya fara, ɗan Folan zai ce 1939, ɗan Rasha zai tuna 1941 lokacin da Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet, ɗan Sin kuma zai koma 1937 ko ma 1931. Tsibiran da Ingila take kira Falkland, Ajantina Malvinas take ce musu. Kada ka zaɓar musu amsa ɗaya ka wuce. Ka kawo littattafan makaranta na ƙasashe biyu kan abu ɗaya, ka sa su gano abin da kowanne ya ambata da abin da ya tsallake, sannan ka riƙe su a kan hujja, domin sauraron kowane ɓangare ba ya nufin kowace da'awa gaskiya ce.

TAMBAYA: Ta yaya zan gane makarantar da take ta ƙasa da ƙasa da gaske, ba suna kawai ba? Kuma tsakanin IB da tsarin Kambirij wanne ya fi?
Daga wata uwa

AMSA: Hajiya, a ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa liƙa wannan suna a ƙofarsa. Yawan yin hakan ne ma ya sa Indonesiya ta hana makarantu amfani da kalmar a sunayensu a 2014. Tutoci a harabar makaranta ba shaida ba ce. Hukumar IB da ta Kambirij, wato hukumar jarrabawa ta jami'ar Kambirij ta Ingila, kowacce tana wallafa sunayen makarantun da ta amince da su, sai ki duba. Ki kuma tambaya ko wata hukumar tantancewa mai zaman kanta, irin su Council of International Schools mai hedikwata a Laidin ta ƙasar Holan, ta ziyarci makarantar, ki nemi ganin rahoton ƙarshe. Ki tambayi shekarun da malamai suke yi kafin su tafi, da tanadin da aka yi wa yaron da ya zo bai iya harshen koyarwa ba.

Game da manhaja, ya danganta da yaron. Diflomar IB darussa shida ce, kowanne ana ba shi maki daga 1 zuwa 7, ga darasin nazarin yadda ake sanin abu, ga dogon rubutun bincike da bai wuce kalmomi 4,000 ba, ga ayyukan hidimar jama'a, jimillar maki 45, kuma sai an kai aƙalla 24 ake samun shaidar. Ta dace da yaron da ƙarfinsa ya bazu a fannoni da yawa kuma yake iya tsara lokacinsa. A tsarin Kambirij kuwa ana yin jarrabawar IGCSE wajen shekara 16, sannan a matakin A Level ɗalibi yakan taƙaita kan darussa uku ko huɗu ya zurfafa, abin da ya fi sauƙi ga wanda ya riga ya san fannin da ya dosa. Kafin ki yanke shawara, ki rubuta wa jami'o'in ƙasar da kike sa ran zai je ki ji wace shaida suke karɓa da kuma darussan da suka shar'anta wa fannin da yake so.